Ba lalaci ne ya zaunar da yara ba

Jama'a, da zarar an ce yaran zamanin nan ba sa motsa jiki, sai kowa ya ɗora laifin a kan waya da lalaci. Ni kam ban yarda ba. Yankin da yaro ya tashi, da jadawalin makarantarsa, da titin da ke ƙofar gidansu, su ke sa shi gudu ko su zaunar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar minti 60 a rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. A 2019 aka fitar da bincikenta kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, 'yan shekara 11 zuwa 17, aka tarar kashi 81 cikin ɗari ba sa cika wannan ma'auni. To amma ku dubi tazarar da ke tsakanin wurare. A Bangaladash kashi 66 ne, mafi ƙanƙanta. A Koriya ta Kudu kuwa, cikin 'yan mata, kashi 97 ne! Ƙasa mai arziki, ga filaye ga kayan wasa, amma yaro na tashi daga makaranta ya zarce darasin ƙari har dare saboda tsoron jarrabawa. Yaushe zai yi gudu?

Shi ma adadin Bangaladash bai sa ni murna gaba ɗaya ba. Masu binciken sun danganta na samari da son wasan kurket, wanda ake buga ƙwallo da sanda, na 'yan mata kuma da aikin gida. Yarinyar da ta wuni tana aikace-aikace, a takarda ta motsa jiki, amma ba ta yi wasa ba, kuma wasan haƙƙinta ne. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Inda aka dace, hukuma ce ta zauna ta yi tsari. A Japan an kafa makarantun firamare kusa da gidaje, yawancin yara da ƙafa suke zuwa. A Finland, bayan darasin minti 45 sukan ba yara hutun minti 15, kuma tun 2010 suke da shirin ƙasa na sa ɗalibai motsa jiki a makarantu. Birnin Bogota na Kolombiya tun 1974 ya fara rufe wa motoci manyan tituna, yanzu kowace Lahadi jama'a na fitowa da kekuna da 'ya'yansu.

Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kuskuren gwamnatoci shi ne su rubuta doka ɗaya daga babban birni su ce kowa ya bi. Yaron yanki mai tsananin zafi inuwa yake buƙata da ruwan sha, a kuma mayar masa da darasin wasanni zuwa sassafe. Na birni mai cunkoso, filin unguwarsu yake so a daina yankawa ana gina shaguna, a yi masa hanyar tsallaka titi. Na karkara da ke tafiyar kilomitoci zuwa makaranta ba tafiya ya rasa ba, ƙwallo ya rasa da malamin da ya san aikin. 'Yan mata kuwa, sai an ware musu wuri da lokacin da iyaye za su amince, in ba haka ba a gefe za su tsaya suna kallo.

Ƙasashe sun yi alƙawarin rage rashin motsa jiki da kashi 15 cikin ɗari kafin 2030. Ina son kowace ƙaramar hukuma ta fara ƙirga makarantunta da ba su da filin wasa, ta bayyana adadin, ta kuma hana shugabannin makarantu cinye lokacin wasanni da bitar jarrabawa.