Tsawo kaɗai ba ya kai yaro NBA

A majalisun ƙauyukanmu na wajen Gumel, da an ga saurayi dogo sai ka ji ana cewa: "Wannan ai Amurka ce ta dace da shi, ƙwallon kwando na jiransa." Mutane sun ɗauka tsawo ne jarin, kuma duk ƙwararren ɗan wasa a NBA yake, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Ba haka lamarin yake ba. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kuma sabbin 'yan wasan da suke zaɓa a shekara daga faɗin duniya ba su wuce 60 ba. Hakeem Olajuwon ma, haifaffen Legas, duk da tsawonsa sai da ya yi shekaru yana gogewa a Jami'ar Houston kafin ƙungiyar Houston Rockets ta NBA ta ɗauke shi a 1984. Shi kansa ya sha faɗa cewa tsaron ragar ƙwallon ƙafa da ya yi yana yaro ne ya koya masa sarrafa ƙafa. Ga kuma Muggsy Bogues, mai tsawon mita 1.60, wanda ko a kasuwar Maigatari ba za a kira shi dogo ba, amma kaka 14 ya buga a NBA.

Yawancin masu cin abinci da wasan nan wata hanya suke bi. Wasu a gida suke farawa, a ƙungiya irin Kano Pillars ta ƙwallon kwando, sannan su nemi gasar BAL ta Afirka da aka fara a Kigali a 2021, ko su tafi Sifen, Turkiyya ko Faransa. A can kwantiragin kaka ɗaya ya fi yawa, rauni a gwiwa kuwa kan dawo da mutum gida kafin kakar ta ƙare.