Lambar Solomon Snyder ta kai 191, amma ina sunan ɗalibarsa?

A shekarar 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya fito da ma'aunin da ake kira "h", don auna tasirin binciken malami. Lissafin ba wuya: malamin da ke da takardun bincike 20, kowacce wasu masana sun ambace ta aƙalla sau 20, lambarsa 20 ke nan. Da ya gwada shi a kan masana ilimin halittu, Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins ne ya zo kan gaba da 191.

Snyder bai tsinci wannan lamba a ƙasa ba. Likita ne da ya koyi bincike a hannun Julius Axelrod, wanda ya ci kyautar Nobel a 1970. Shi da abokan aikinsa suka nuna a 1976 cewa ƙarfin magungunan taɓin hankali yana tafiya ne da yadda suke toshe gurbin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. Su ne kuma suka bayyana yadda kafin, sinadarin da ke cikin kofi da goro, ke korar barci ta hanyar tare gurbin adenosin, sinadarin da ke jawo barci.

Sai dai aikin da ya ɗaga sunansa shi ne na 1973, kuma a nan nake so mu tsaya. Masana sun daɗe suna zaton ƙwayoyin mofin da heroyin suna da wani gurbi na musamman da suke maƙalewa a ƙwaƙwalwa, amma hujja ta gagara. Candace Pert, ɗalibar digirin digirgir a ɗakin binciken Snyder, ita ta zauna da niƙaƙƙiyar ƙwaƙwalwar ɓera, ta zuba mata naloksan, maganin da ke kama gurbi ɗaya da mofin, wanda aka yi wa alama da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, ta tace, ta wanke da sauri don abin da bai kama da gaske ba ya fita. Abin da ya rage a kan matacin shi ne hujjar. Takardar ta fito a mujallar Science, sunan Pert na farko. Wannan gurbin ne dai kodin da tiramadol ke kamawa, ƙwayoyin da suka cinye mana matasa.

A 1978 aka raba kyautar Lasker, babbar kyautar binciken likitanci, kan binciken wannan fanni tsakanin Snyder da John Hughes da Hans Kosterlitz na Aberdeen. Ba Pert. Ta rubuta wasiƙar ƙorafi, ta ƙi zuwa bikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na cewa mai ɗakin bincike ɗan kallo ne. Shi ke nemo kuɗi, shi ke zaɓen tambayar da za a bi, sau da yawa shi ke hango abin da ɗalibi bai hango ba. Amma ma'aunin h bai san wannan rabon aiki ba. Duk wanda sunansa ya hau takarda, na farko ne ko na goma, ladansu ɗaya. Farfesan da ɗalibai da yawa suka ratsa ta hannunsa yana tara ambaton kowa, kowane ɗalibi kuwa ya tafi da ɗan nasa. Yawan ambato ma ba ya nuna zurfin ganowa: takardar Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin an ambace ta fiye da sau 300,000, saboda kowa na buƙatar hanyar a aikinsa na yau da kullum.

Abin ya dame ni ne don jami'o'inmu sun rungumi Google Scholar da Scopus, shafukan da ke ƙirga ambaton takardun bincike, wajen ƙarin girma, har "sa sunana a takardarka" ta zama ruwan dare tsakanin malamai. Ƙaramin malami ya kwana a ɗakin gwaji, sannan ya jera sunayen manyan da ba su san launin ɓeran ba, don gudun abin da zai biyo baya. Mujallu da dama yanzu suna tilasta a rubuta abin da kowane marubuci ya yi a aikin. Ya kamata kwamitin ƙarin girma ya karanta wannan sashe, ya zaɓi takardu uku ko biyar na mai nema, ya kira shi ya bayyana yadda aka yi gwajin da bakinsa.