Bolmen Tafki Ne Kafin Ya Zama Burushin Banɗaki

Makon jiya ƙanena ya turo mini wani bidiyo daga Kano. Wani saurayi Ba'amurke ne yake zagaya kantin IKEA, kamfanin kayan ɗaki na ƙasar Suwidin, yana karanta sunayen kayan ɗaki yana murguɗa baki. Can sai ya fara ƙirƙiro nasa sunayen, yana ɗora ɗigo biyu a kan kowane wasali, wai shi ke nan ya iya yaren Suwidin. A ƙasa ƙanen nawa ya rubuta: "Yaya, don Allah haka mutanen garinku suke magana? Kamar an zuba musu ruwan zafi a baki." Na yi dariya. Amma tun daga ranar abin yake yi mini yawo a rai.

Shekarata tara a Växjö, a yankin Småland na kudancin Suwidin. Daga nan zuwa Älmhult, inda IKEA ta buɗe kantinta na farko a 1958, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Ingvar Kamprad ya kafa kamfanin a 1943 yana ɗan shekara 17, kuma sunan kansa haruffan farko ne na sunansa, da na gonarsu Elmtaryd, da na ƙauyensu Agunnaryd. Kamprad yana da lalurar nan da ke sa haruffa da lambobi su riƙa cakuɗe wa mutum, shi ya sa ya ga riƙe suna ya fi masa sauƙi a kan riƙe lambar kaya. Sunayen da duniya ke wa dariya daga lalurar mutum ɗaya suka samo asali, kuma kowanne yana da gidansu. Kujerar Klippan sunan wani gari ne a Skåne. Kantar Kallax sunan wani ƙauye ne kusa da Luleå, can arewa inda rana kusan ba ta faɗuwa a tsakiyar shekara. Gadon Hemnes sunan wani wuri ne a Norwe. Kantar littattafai Billy, da ta fito a 1979, sunan namiji ne kamar yadda za mu ce Bala.

Na kai wa maƙwabciyata bidiyon, wata tsohuwa da muke shan kofi tare duk ranar Lahadi. Ta ƙyalƙyale da dariya har tana share ido. Ta ce ai su ma haka suke yi wa 'yan Denmak, suna cewa suna magana kamar kunu ya maƙale musu a maƙogwaro. Sai da saurayin ya ɗaga burushin wanke banɗaki ya ja sunan Bolmen yana lanƙwasa harshe, sannan ta ajiye kofinta. Ba fushi ta yi ba. Ta dai ce da ni, a hankali, Bolmen tafki ne babba a yammacinmu, a can mahaifinta yake kamun kifi, a can ta koyi iyo. Ta ɗauko wani tsohon hoto daga durowa: yarinya a cikin kwalekwale, da gwangwanin tsutsa a hannu. Ba ita kaɗai abin ya taɓa ba, domin a 2021 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta yi kamfe musamman don tuna wa duniya cewa waɗannan sunaye wurare ne na gaske, har aka kafa allo a bakin tafkin ana cewa Bolmen ya wuce burushi.

Duk da haka, ni a ganina wannan raha ba ta cutar da mutanen Suwidin da komai, kuma mafi yawansu haka suke gani. Masu jin yaren ba su wuce miliyan 10 da wani abu ba, amma babu wanda aka taɓa hana aiki a Landan ko New York don ya fito daga ƙasar da ake rubuta å da ä da ö. Mai dariyar ma da ya gama sai ya tura keken sayayya zuwa wurin biya. Dariyar tana tsayawa a kan kwali, ba ta bin kowa gida.

Wadda na sani a Legas ta bi ni gida. Ina bautar ƙasa a lokacin, na je wani ofis karɓar takarda. Ma'aikacin ya ga sunana, ya ɗago ya ce, "Aboki, faɗi hamsin da Turanci mu ji." Mutanen da ke layi suka fashe da dariya tun kafin in buɗe baki, domin kowa ya san abin da ake jira: Bahaushe ya mayar da f ta koma p. Da a ce ya tambaya, da na gaya masa cewa Hausa sauti ɗaya gare ta a wannan gurbi, shi ya sa Bakano zai ce lafiya, Basakkwace ya ce lahiya. Ba wannan ya dame shi ba. A idonsa lafazina ya riga ya gaya masa cewa ni maigadi ne ko mai wankin takalmi da ya ɓato hanya, kuma takardata sai washegari na same ta. Masu jin Hausa sun ninka masu jin yaren Suwidin sau da yawa, amma yawa bai kare ni ba ranar.

A nan Suwidin ma akwai irin wannan. Yaran da aka haifa a unguwannin baƙi, irin Rinkeby a Stockholm, suna da nasu salon magana, kuma ana kwaikwayonsa a yi dariya. Wanda ke neman hayar gida ta waya da wannan lafazi ya san abin da kwaikwayon yake jawo masa. Can arewa kuma, a kwarin kogin Torne, an daɗe ana hana yara yin yarensu na Meänkieli a makaranta, har wasu suka girma suna jin kunyar yi wa 'ya'yansu shi. Sai a shekarar 2000 aka amince da shi cikin harsunan tsiraru biyar na ƙasar. Maƙwabciyata da ta yi dariyar kujera, ba ta yarda a yi wasa da wannan a gabanta.

Mu Hausawa ba baƙin tsokana ba ne. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarbe, Bakatsine da Banufe: kowa ya san abokin wasansa, ya san kuɗin shara idan watan cika-ciki ya kama. A 2014 UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon al'adun duniya. Abin da ya sa wasan ba ya zama faɗa shi ne kowa yana da bakin ramawa, kuma masu yin sa sun san juna ciki da bai. Babarbaren da ke kwaikwayon Hausar Bafulatani ya ci a gidansa, zai kuma tsaya masa ranar wuya. Tsakanin Suwidin da Denmak ma kusan haka abin yake, bayan yaƙe-yaƙen da suka sha a da. Ni da wancan ma'aikaci babu wannan a tsakaninmu. Shi ke riƙe da hatimi.

Akwai kuma wadda ta fi ci mini rai, domin tamu ce. Duk maganar da ba ta fita, ta jariri ko ta mai zazzaɓi, muna ce mata gwaranci. Sunan al'umma guda muka ɗauka muka yi wa shirme laƙabi da shi, mutanen da ke kiran kansu Gbagyi, waɗanda aka gina Abuja a ƙasarsu. Na girma ina faɗin kalmar ban taɓa jin nauyinta ba, sai ranar da na ce da ɗana yana gwaranci a gaban wata baƙuwarmu 'yar Minna, na ga yadda ta sunkuyar da kai. Haka muke yi wa Hausar 'yan zango na Kumasi, mu ce ta karye, alhali kakanninsu fataken goro ne suka kai ta can suka riƙe ta fiye da shekara ɗari. Tun ranar na daina faɗin waccan kalma a gidana.

Ƙanena ban yi masa faɗa ba, don bai yi laifi ba. Hoton tafkin na tura masa, wanda na ɗauka bara da muka je da yara, ruwa shimfiɗe har iya ganinka, da tsibirai a tsakiya. Na rubuta masa cewa ɗigon da ke kan ö kamar lanƙwasar da ke kan ƙ ne, idan ka cire ta ƙafa ta koma kafa. Ya amsa da cewa, "To Yaya, Kallax ɗin fa, akwai mutane a ciki?" Na ce akwai, har filin jirgin sama gare su.