Smith Fa Maƙeri Ne, Jama'a

Akwai wani yaro a layinmu, ɗan maƙwabcinmu, da ya daɗe yana turo mini neman abota a Facebook ina ƙin amsawa, don ban gane shi ba. Hoton mota ya sa a maimakon fuskarsa, sannan ya manna wa sunansa Smith a ƙarshe. Sai ranar wani suna muka haɗu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, laifin me na yi ka ƙi karɓata?" Na ce, au, dama kai ne Smith ɗin? Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Dariya ce ta kusa shaƙe ni, kuma ga dalili. Kakan yaron nan maƙeri ne na gado. Muna yara mun sha zama a rumfarsa muna rububin yi masa zuga, shi kuma ya zaro ƙarfe jajawur daga cikin gawayi da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya hau shi da masaba har tartsatsi na tashi muna kare ido. Kafin la'asar sai ka ga fartanya ta fito, ko lauje, ko ruwan gatari. Uban yaron ya bar sana'ar ya koma tuƙin mota. Shi kuwa jikan, in kana son ka ga ɓacin ransa, ka kira shi ɗan maƙera a gaban abokansa. To ga shi ya tsallake teku ya ɗauko sunan da yake ganin na 'yan gayu ne, alhali da Turanci Smith ba ya nufin komai sai maƙeri. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, tun Turancin da ake yi a Ingila sama da shekara dubu da suka wuce, kuma ma'anarta mai aikin ƙarfe. Akwai wani mutum da aka rubuta sunansa Ecceard Smith a yankin Durham, can arewacin Ingila, wajen shekarar 975. Amma a wancan zamanin laƙabi ne kawai, kamar yadda za mu ce Audu Maƙeri don a bambanta shi da Audu Mahauci. In ya mutu, laƙabin ya bi shi kabari. Ɗansa in ya zama masunci, Masunci za a kira shi.

Gadon suna daga baya ya zo. Bayan da mutanen Nomandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066, manyan masu ƙasa ne suka fara riƙe suna ɗaya daga uba zuwa ɗa, saboda gadon filaye. Talakawa suka biyo baya a hankali, har zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun samu sunan da ya zauna musu. Kuma kada wani ya ɗauka son tarihi ne ya kawo haka. Hukuma ce ke son sanin wa ya biya haraji, wa bai biya ba. Sunayen yanka a lokacin 'yan kaɗan ne, gari guda sai ka tarar John da William sun cika shi, kamar yadda in ka tsaya a kasuwarmu ka ƙwala kiran Muhammadu mutum ashirin za su waiwayo. Dole mai rubuta haraji ya ƙara wani abu. An yi harajin kai a 1377 da 1379 da 1381, kuma takardunsa cike suke da irin waɗannan sunaye. Na ƙarshen nan ne ma ya tayar da boren talakawa, wanda jagoransa Wat Tyler, shi ma sunan sana'a yake ɗauke da shi, mai rufin ɗaki da fale-falen yumɓu. Da aka zo 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa, sai sunaye suka daskare a takarda. Daga nan ko jikanka ya zama alƙali, Maƙeri za a ci gaba da kiransa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dalilin da ya sa maƙeri ya yi wa sauran masu sana'a fintinkau. Manoma ai sun fi maƙera yawa nesa ba kusa ba. To amma a ƙauyen da kowa manomi ne, in ka ce John manomi ba ka faɗi komai ba. Maƙeri kuwa ɗaya ne ko biyu a gari, kuma babu garin da zai zauna ba shi. Shi ke yin bakin garma, shi ke yin ƙusa, shi ke yi wa doki takalmin ƙarfe, in yaƙi ya tashi shi ke yin takobi da kan mashi. Ga shi ko'ina akwai shi, ga shi kuma bai yi yawan da laƙabin zai rasa amfani ba. Sannan akwai wata sa'a da kalmar ta taka: kusan duk faɗin Ingila da ita ake kiransa. Dubi masu dukan tufafin ulu don su yi kauri, sana'a ce babba a lokacin, amma sunanta ya rabu uku saboda bambancin karin harshe. A kudu da gabas Fuller, a kudu maso yamma Tucker, a arewa Walker. Masaƙa ma haka, wasu Webb, wasu Webster, wasu Weaver. Maƙera ne ba su raba ƙuri'arsu ba.

Wannan ya nuna maka cewa masu sunan Smith ba dangin juna ba ne. Babu wani kaka ɗaya da suka fito daga tsatsonsa. Dubban maƙera ne a dubban ƙauyuka, waɗanda ba su taɓa jin labarin juna ba, kowa ya bar wa 'ya'yansa suna iri ɗaya. Shi ya sa nake dariya in na ga masu tallar tambarin gidan Smith a intanet, da zanen garkuwa da zaki, wai kowa ya saya ya rataye a falo. Wane gidan daga ciki?

A yau shi ne sunan dangi mafi yawa a Ingila, inda kusan mutum ɗaya cikin kowane ɗari ke ɗauke da shi. Haka a Sikotland, haka a Ostireliya. A Amurka, ƙidayar 2010 ta samu mutum 2,442,977 masu sunan, shi ne na ɗaya, Johnson na bi masa. Yawansa ya kai in Bature yana son ya ce wane ɗan wane, sai ya ce John Smith.

Sai dai na Amurka ba duka jikokin maƙeran Ingila ba ne, kuma a nan labarin ya daina ba da dariya. Jamusawa da yawa da suka yi ƙaura can da sunan Schmidt, wanda shi ma maƙeri yake nufi, sun mayar da shi Smith don su saje, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da ake ƙyamar duk wani abu na Jamus. Ba su kaɗai ba ma, gidan sarautar Ingila kansa a 1917 ya ajiye sunansa na Jamus ya koma Windsor. Mutanen Ailan masu sunan Mac Gabhann, wato ɗan maƙeri, wasunsu ma Smith aka fassara su. Sannan ga baƙaƙen fata. Da aka soke bauta a Amurka a 1865, mutanen da aka raba kakanninsu da sunayensu na Afirka sai da suka nemi sunan dangi. Wasu suka ɗauki na iyayen gijinsu na da, wasu suka zaɓi wanda ya fi yawa a gari. Don haka in ka ga Tommie Smith, ɗan tseren nan da ya ɗaga dunƙulallen hannu a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko don nuna adawa da wariyar launin fata, ka tuna sunansa ɗaya da Ian Smith, wanda a 1965 ya ɓalle da Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yanzu, daga hannun Birtaniya don tsirarun farare su ci gaba da mulkin baƙaƙe. Suna ɗaya, kowa da hanyar da ya bi ya same shi. Ta irin wannan hanya ce sunayen Turawa suka shigo Saliyo da Legas, inda aka riƙa raɗa wa 'yantattun bayi sunayen 'yan mishan da masu ɗaukar nauyinsu.

Ba Ingila kaɗai ke da wannan ba. Kowalski na Folan maƙeri ne, Kovács na Hangari maƙeri ne, Kuznetsov na Rasha haka, Lefebvre na Faransa haka, Haddad na Larabawa haka. Har motar nan Ferrari da samarinmu ke liƙa hotonta a waya, sunan mai kamfanin ne, Enzo Ferrari, kuma asalin sunan daga maƙeri yake. Motar gidan maƙera ce, in za a faɗi gaskiya.

Mu nan Arewa mun yi namu Smith ɗin har kashi-kashi. Gwamnan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1957, Sir Bryan Sharwood-Smith, shi ne wanda iyayenmu suka raɗa wa Mai Wandon Ƙarfe, ba tare da sun san ƙarfen ma yana cikin sunansa tun daga gida ba. Akwai M. G. Smith, mutumin Jamaika, da ya yi bincike kan sarautar Zazzau, da matarsa Mary Smith wadda ta zauna da wata dattijuwar Bahaushiya, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta. Sai kuma Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya jagoranci sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello tun farkonta, ya musulunta, ya kafa cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya rasu a 1984. Ya canza sunan yanka, amma bai taɓa Smith ɗin ba. Da Hausa dai Farfesa Abdullahi Maƙeri ke nan, kuma ban taɓa jin wanda ya raina shi saboda haka ba.

To a nan ne nake da magana da mutanenmu. Ka ɗauki jerin sunayen Turawan da muke jin su da nauyi a baki ka fassara. Taylor, tela ne, kalmar ma daga can muka aro ta. Carpenter, kafinta. Barber, wanzami. Dyer, marini. Tanner, majemi. Shepherd, makiyayi. Margaret Thatcher, wadda ta yi shekara 11 tana Firayim Ministan Birtaniya, sunan gidan mijinta mai baibayar ɗaki da ciyawa yake nufi. Har rabon da muke yi na maƙeran baƙi da maƙeran fari su ma suna da shi, ga kuma Goldsmith, maƙerin zinariya. Amma mu, a ce an naɗa minista mai suna Wanzami ko Majemi ko Mahauci, sai an kwana ana barkwanci da shi. Yaro zai nemi aure a ce a bincika asali, da an ji gidan maƙera ne ko gidan fawa sai a fara kame-kame. Alhali unguwanninmu na nan suna ba da shaida: Maƙera a Kaduna, Maƙera Assada a Sakkwato, Dukawa da Soron Ɗinki a birnin Kano. Kano ɗin ma, labarin da aka gada shi ne maƙera Abagayawa ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama. Unguwa ta ɗauki sunan sana'a ba ta ji kunya ba, mutum ne ke ji.

Kada kuma a ce na wanke Turawa tas. Su ma suna da nasu girman kan. Da sunan ya yi yawa har ya zama na kowa da kowa, wasu sai suka riƙe rubutun Smyth ko Smythe don a ga sun bambanta, wasu suka haɗa shi da wani sunan da ɗan layi a tsakani. Kuma gaskiya, Baturen da ake kira Smith a yau ba ya tuna wuta ko masaba in an kira shi, shekara ɗari shida sun goge ma'anar. Mu kuwa namu ɗanye ne, kakan yana raye, rumfar tana nan, hayaƙin na tashi. Na yarda wannan bambanci ne na gaske.

Amma abin da ya same su a wancan ƙarni shi ke samunmu yanzu, muna kallo. Makarantar boko ce ta fara manna wa yara sunan gari, shi ya sa muka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari, Sardauna ma Ahmadu Raɓa ake kiransa a makaranta. Su ma Turawa suna da York da Lincoln. Suna da Johnson, ɗan John, mu muna da Ɗantata, wanda ya tashi daga laƙabin mutum ɗaya ya zama sunan zuri'a guda. Yanzu kuma katin ɗan ƙasa da fasfo da banki sun matsa kowa sai ya cike gurbin sunan dangi, kuma abin da ka rubuta yau, in ka so canza harafi ɗaya gobe sai ka sha yawon rantsuwa a kotu. Sunayenmu na daskarewa ke nan. Sunan gari ya samu shiga, sunan sarauta ya samu shiga, kowa na son Galadima da Ciroma da Waziri. Sunan sana'a ne kawai muke tacewa muna zubarwa, kuma ni a ganina asara ce, don nan da jika biyu babu wanda zai san gidan su wane ne suka ƙera wa garin nan garma.

Da na gama yi wa yaron wannan bayani, bai ce komai ba, sai sosa ƙeya. Washegari na bi ta rumfar kakan nasa. Ya tsufa, ƙaninsa ne ke duka yanzu, shi yana gefe a kan buzu yana gyara ƙotar fartanya. Na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Baba, ashe jikanka ya koma gida, sunan maƙera ya sa wa kansa, amma na Turawa." Na ba shi labarin yawansu a Ingila da Amurka. Ya saurara har na gama, bai ɗago ba. Can ya ce, "Duk waɗannan miliyoyin, akwai mai iya kama jan ƙarfe da hannu a cikinsu?" Na ce ban yi zato ba, Baba. Ya ce, "To ka ce masa ya zo ranar Asabar ya yi mana zuga, yaron da ke yi ya tafi makaranta."