An kashe gona, ba a gina gida ba

Wallahi duk wanda yake da hannu a abin da aka yi wa gonakin bayan firamaren garinmu ranar Asabar ya ji tsoron Allah. Gero ya kai ƙugu, wake ya fara yaɗo, a kawo greda a bi ta kai, wai mai sayen yana sauri a kafa masa turaku. Wata biyu kacal ba za a iya jira a yi girbi ba? Kun ga bidiyon, kun ga dattijon da ya tsuguna yana tsince karan da aka tattake. Wannan zalunci ne, ko da takarda ko babu.

Tun jiya wasu suke cika min kunne: mutane suna ƙaruwa, ina kake so su zauna? To ku hau mota daga Yankaba ku bi titin Haɗeja, ku wuce Tokarawa da Gunduwawa har Jogana, ku leƙa bayan gidajen bakin titi. Me za ku tarar? Bulo layi uku an zagaye fili, an rubuta "ba na sayarwa ba ne" da jan fenti, tumfafiya da tafasa sun cika ciki. Shekara da shekaru haka. Wa yake zaune a nan? Attajiri ne ya binne kuɗinsa yana jiran farashi ya ninka. Wani ko inda filin yake bai sani ba sai dillali ya nuna masa. An kashe gona, ba a gina gida ba. Maganata ke nan, kuma ba zan gaji da faɗa ba.

Ƙasar nan da ake yankawa ƙafa hamsin-hamsin, kakanninmu ne suka raya ta. Su ɗora wa jaki itace su kai birni, su dawo da mangala cike da taki, kowace shekara, shi ya sa gonakin kewayen Kano ake noma su ba hutu kuma ba su gajiya. Gawon da ke tsakiyar gona yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani awaki su ci 'ya'yansa. Yanzu kafin a ja igiya shi ake fara sarewa, shi da ɗorawa da kuka, a sayar wa masu gidan burodi da masu gawayi. Bishiyar da ta girmi uban dillalin, kafin azahar ta zama guntaye.

Sai kuma masu cewa gonarsa ce, ya yi yadda ya ga dama. Ku daina faɗar wannan. Galibi gonar gado ce, uba ya rasu, babban wa ya ji miliyoyi hankalinsa ya tashi, a lallaɓa mata da ƙananan yara su dangwala hannu. A sayi babur, a gyara ɗaki, a ƙara aure, kafin shekara ta zagayo babu ko sisi. Na tambayi wani kawuna da ya sayar da tasa me ya kai shi. Ya ce, "Ɗana, an zagaye ni da katanga ta ko'ina, awakin sababbin maƙwabta sun hana ni shuka, taki ya fi ƙarfina. In ban sayar ba ma karɓewa za a yi." Yau a kwano yake awon gero, mutumin da a da rumbunsa yake kai shi wata damina. Tsoron nasa kuma yana da tushe. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma idan hukuma ta karɓi gonarka, diyyar amfanin gona da bishiyoyi da gini ake lissafa maka, ƙasar kanta ba ta cikin lissafi. Da wannan dillalai suke razana tsofaffi: sayar yau, kafin gwamnati ta zo.

Inda ma aka yi ginin, ku je ku gani. Awon igiya ne, lungu ko adaidaita sahu ba ya shiga, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, babu na asibiti, saboda kowane taku kuɗi ne a idon mai yanka. An toshe hanyar da ruwa yake bi tun fil azal, idan aka yi ruwan Agusta sai ya shiga ɗakunan mutane. An cinye burtali, Bafulatani ya rasa inda zai bi da shanunsa, gobe a ce ya yi ɓarna. Masu unguwanni da dagatai da kuke sa hannu ana ba ku la'ada, 'ya'yanku ma a garin nan za su nemi abinci. Ni ban ce kada talaka ya mallaki muhalli ba, ina son kowa ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa. Amma a fara gina dubban filayen da aka riga aka yanka suke zaune, kafin a taɓa wata gonar. Wanda ya ajiye fili shekara goma bai gina ba, a bar manomi ya shuka ko gyaɗa ce.

Af, ga maganar maƙabarta. Tamu ta kusa cika, kowa ya sani, masu haƙa suna ta ƙorafi tun bara. Gonar da ke jikinta ta gabas, wadda dattawa suka daɗe suna cewa za a haɗa kuɗi a saya a ƙara, na ji an fara kai masu kuɗi suna zagayawa. 'Yan kwamitin masallacin Juma'a, don Allah ku kira taro wannan satin, a buɗe asusu. Ni zan fara bayarwa, kuma 'yan garinmu da ke Legas da Abuja ku ma a shirya, za mu neme ku.