Shayin Buzu da Kumfar Alhaji

A wani ɗakin ajiyar man inji da ke unguwar Kakuri a Kaduna, Buzu mai gadi ya hura gawayin shayi daidai ƙarƙashin na'urar jin hayaƙi, sai kumfar kashe gobara ta ɓalle ta mamaye wurin. Alhaji ya iso tare da jami'in kwana-kwana.

ALHAJI: Buzu, na ɗauke ka ne domin ka tsare mini dukiya, ga shi yau ko ni mai ita ba na ganinta.

BUZU: Ranka ya daɗe, ai tsaro ke nan ya kai maƙura, domin ɓarawon da ya shiga yanzu ko ƙofar fita ba zai gane ba.

JAMI'I: Abin da ya faɗa da wasa shi ne babban haɗarin. Idan kumfa ta rufe mutum ba ya gani, ba ya jin kira sosai, numfashi yana yi masa wuya, ga santsi a ƙasa. A 2014 wani ma'aikaci ya rasu a rumfar jiragen sojan Amurka da ke Florida bayan kumfa ta zubo babu gobara.

BUZU: Ni idona kawai ke yaji, yallaɓai.

JAMI'I: Ka wanke shi da ruwa mai tsabta na minti 15, ka yi wanka da sabulu, amma ka fara tuɓe duk abin da ya jiƙe, har rawanin.

BUZU: In kwance rawani a gaban jama'a? Idon ya yi haƙuri.

JAMI'I: Shayin nan ma ka zubar da shi, ta faɗa ciki.

BUZU: Tun ina yaro nake ɗaga buta sama domin shayina ya yi kumfa, yau da Allah ya karɓi addu'ata kake cewa in zubar?

ALHAJI: Ku bar zancen shayi, a kawo bokitai a kwashe. Masu wankin mota na Kawo za su saya, ragowar kuma a kora kwata.

JAMI'I: Alhaji, kwatar nan Kogin Kaduna take nufa, saboda haka tare ruwan za a yi, a kwashe shi a ganguna. Sai na karanta rubutun jikin tankin tukuna, domin idan irin da ake kira AFFF ce, tana ɗauke da sinadaran PFAS, waɗanda a 2023 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin masu haddasa cutar. Suna taruwa a jini, kuma shekaru aru-aru ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa.

ALHAJI: Tsaya, yallaɓai. Ba sa ruɓewa ka ce, ko damina ko rani?

JAMI'I: Haka na ce.

ALHAJI: Buzu, rufe ƙofa kada ta zurare. Tun da na fara kasuwanci ban taɓa samun hajar da ba ta lalacewa ba sai yau.