Allah Ya jiƙan Baba-Ari

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan matuƙi Bello Baba-Ari, Ya bai wa iyalansa haƙurin rashi. A 2018, jiragen yaƙi 2 ƙirar F-7 na sojin saman Najeriya suka gogi juna a sama wajen atisayen bikin cikar Najeriya shekara 58 da samun 'yanci, suka rikito a duwatsun Katampe da ke Abuja. Matuƙa 3 sun diro da lema, shi kaɗai ya rasu. Allah Ya tsare ma da ba cikin gidajen mutane suka faɗo ba, don Katampe da Maitama maƙwabta ne.

Ni dai tambayata, jiragen nan da aka sayo daga Chaina, 'yan kaɗan ne fa muke da su, ga Boko Haram a Borno. Dole ne sai an yi shawagin biki da su a kan Abuja? Kuma rahoton binciken, don Allah a fito da shi mu gani.